Motar da Na Zaɓa don Baba Yohanna

Akwai ranar da har yau ba ta bar raina ba, ranar da aka tura ni Kaduna in zaɓo kayan da za a ɗora wa sabuwar motar ofishinmu. Ku direbobin yanzu da kuke zuwa hira ƙofar gidana a Barkin Sale, kun sha tambayata yadda aka yi na ƙare aiki a kan tankar ruwa, alhali sa'o'ina sun ƙare suna tuƙa manya. To, ga yadda aka yi. Ban yi karatu mai nisa ba, saboda haka zan faɗa kai tsaye, da inda na yi laifi, da inda har gobe ban yarda laifi ne ba.

A shekarun farko bayan samun 'yancin kai ne. Minna a lokacin garin jirgin ƙasa ce, kwalta ba ta da yawa, kana fita gari ka shiga jar ƙasa. Ina direba a wani ofis mai kula da aikin gona a ƙauyuka, kuma jif ɗaya muke da ita, tsohuwa, mai rufin tamfol da benci a gefe da gefe. Ko da yake motar daji ce, yawancin aikinta a cikin gari yake. Da safe in ɗauko maigida in kai shi ofis, in je tasha ko gidan waya, da rana in mayar da shi gida. Sai lokacin rabon iri da taki muke shiga ƙauyukan Kuta da Kagara.

Amma tana da wani aikin da ba a rubuta a ko'ina ba. Yawancin leburorinmu Gbagyi ne, waɗanda muke kira Gwari a lokacin, sai wasu 'yan kudancin Zariya. Mutanen nan ba sa son a binne su a gari. Kowa yana son a kai shi ƙauyensu, kusa da iyayensa. Direbobin manyan motoci kuwa ba sa yarda su ɗauki gawa, suna cewa fasinja za su guji motar. Don haka idan ƙaramin ma'aikaci ya rasu, sai a roƙi maigida aron jif, a naɗe benci, a shigar da akwati, a ɗaura ɗanyen ganye a gaban mota don masu hanya su san abin da aka ɗauko. Tun zamanin Bature ake haka, ba wanda ya ce a yi, ba wanda ya ce a bari.

Baba Yohanna shi ne mai sharar ofis da ban ruwan fulawa. Dattijo ne dogo, ɗan wani ƙauye a bayan Kuta, ya girme ni nesa ba kusa ba. Ni Musulmi, shi Kirista, amma kullum tare muke cin doya a gindin mangwaro, yana tsokanata wai Bahaushe bai san doya ba sai ta shiga tukunya. A wata shekara wani lebura ya rasu jif tana gareji, injinta a kwance. Aka yi ta neman mota ba a samu ba, aka binne shi a gari. Baba ya daɗe ba ya wasa da kowa. Wata rana muna cin abinci ya ce da ni, da irin Hausarsa da ba ruwanta da mace ko namiji:

"Ɗanlami, mota ya tsufa, ni ma na tsufa. Ban san wanda zai riga wani ba. Idan ni ne, kai za ka kai ni gida."

Na ce ya bar wannan magana, mutuwa ba ta bin layi. Ya ce shi ba wa'azi ya tambaye ni ba. Da na ga da gaske yake, na ce in Allah ya yarda ni zan kai shi. Ya ci gaba da cin doyarsa.

Ba a jima ba aka amince a saya mana sabuwar jif. Ga yadda tsarin yake, ga wanda bai sani ba. Kamfani yana sayar da motar ne tsurarta, sai mai saye ya zaɓi abin da za a ƙara mata. Ana iya sa rufin ƙarfe mai tagogi ko na tamfol. Ana iya jera kujerun kushin a baya, a ɗaure su da noti, ko a sa benci mai naɗewa da ƙofar baya mai saukowa ƙasa. Akwai taya ta kwalta, akwai mai manyan haƙora ta taɓo. Akwai kuma winci, wato injin da ake kafawa a gaba mai igiyar ƙarfe, wanda mota ke jan kanta da shi idan ta kafe. A al'adar aiki, akawun sito ne ke sa hannu, amma direba ake tambaya, don shi ya san hanya.

Maigidanmu a lokacin Malam Bello ne, saurayi mai ilimi da ya gaji kujerar Bature. Mutum ne mai gaskiya, ba na ɓata shi. Ya kira ni da Mista Bitrus akawun sito, ya ce shi zai tafi taro, mu je mu karɓo mota. Ya ce rufin ƙarfe yake so da kujerun kushin da tayar kwalta. Ya kawo dalilansa, kuma duk masu kyau ne. Mota a gari take yini, tamfol yana yoyo a kan takardu, kuma baƙi daga hedikwata ba za su zauna a benci kamar buhunan gyaɗa ba. Na ce to, ranka ya daɗe. Laifina na farko ke nan, domin tun a tsaye a gabansa na san kujerun da aka ɗaure da noti ba za su bar wurin akwati ba, na kuma san ba zan zaɓe su ba. Amma na ce to.

Muka hau jirgi zuwa Kaduna. A filin kamfanin mai sayarwa ya zagaya da mu, ya buɗe mana wata mai rufin ƙarfe, kushin yana ƙamshi. Mista Bitrus ya shiga ya zauna ya harɗe ƙafa, ya ce yau ya san ya yi karatu. Ni kuwa na wuce wajen mai tamfol, na sauke ƙofar baya, na naɗe benci, na hau na kwanta a miƙe. Mai sayarwa ya tambayi Bitrus ko direbansu ba shi da lafiya ne. Na tashi na ce wannan za a ba mu.

Bitrus ya ja ni gefe, ya ce ko na manta abin da maigida ya faɗa. Na ce ban manta ba, amma ni ke bin hanyar Kagara da damina, ni aka ce a tambaya. Ya ce shi yana da 'ya'ya a makaranta, ba zai sa hannu a kan taurin kaina ba. Na ce idan tambaya ta zo ya ce ni na nace, zan amsa. Ya dube ni ya ce, "Wannan ba maganar Kagara ba ce, ko?" Shi ma ɗan kudancin Zariya ne, ya san inda yake so a kai shi. Ya sa hannu.

Da na tsaya a nan, da da sauƙi. Sai girman kai ya shigo. Na ga taya mai manyan haƙora na ce a sa. Na ga winci yana walƙiya na ce a kafa. Ba don Baba ba ne wannan, ba don aiki ba ne. So nake in shigo Minna direbobin tasha su miƙe tsaye su kalle ni. Laifina na biyu ke nan, kuma ba ni da abin da zan kare kaina da shi.

Ranar da muka shigo da ita, ma'aikata suka fito kallo. Baba Yohanna ya zo da tsintsiyarsa mai doguwar sanda, bai kalli winci ba, bai kalli fenti ba. Ya zagaya baya, ya sauke ƙofa, ya kwantar da sandar a ciki ya auna, ya ƙara aunawa. Sannan ya ce, "Ya isa. Har da wurin miƙe ƙafa." Mutane suka yi dariya ba su san abin da yake nufi ba.

Malam Bello bai yi dariya ba. Ya kira ni ofis, ya tambaye ni ko shi ne maigida ko ni. Na ce shi ne. Ya ce to me ya sa na yi abin da na ga dama. Na kawo maganar buhunan taki da leburori da hanyar Kagara. Ya ce duk ya san wannan, sau nawa muke zuwa Kagara a shekara? Ya ce in faɗa masa dalili na gaskiya, idan akwai.

Taga a buɗe take, Baba yana shara a ƙarƙashinta, ina jin ƙarar tsintsiyarsa. Ta yaya zan buɗe baki in ce na zaɓi mota don gawar mutumin da ke tsaye da ransa yana aiki? A wajenmu ba a yi wa mai rai wannan, ko da shi ya fara kawo maganar. Na ce, "Ranka ya daɗe, abin da na zaɓa ke nan. Ko an sake tura ni, shi zan zaɓo."

Ya ce to ba za a sake tura ni ba. Ba a iya mayar da mota bayan an yi mata rajista, amma ana iya canza direba. A makon aka ba Garba, wani direban da ke bayana a aiki, makullin jif, ni kuma aka mayar da ni tankar ruwa mai ban ruwan gonar gwaji. Bitrus ya sha faɗa amma ya tsira, domin na amsa kamar yadda na ce.

Kada ku ɗauka lokaci ya nuna maigida ya yi kuskure. Bai yi ba. Tayar nan kullum tana gurnani a kan kwalta kamar jirgi zai tashi, kuma ta cinye da wuri. Tamfol ya yi yoyo a daminar farko, na sha ganin Malam Bello ya sauko da jiƙaƙƙiyar kafaɗa yana hararar tankata. Winci kuwa, iyakar aikin da na ga ya yi shi ne tumɓuke wani kututture a bayan ofis. Direbobin tasha da na so su kalle ni, sai suka sa mini suna Sarkin Ruwa.

Baba ya rasu bayan an gama haƙar doya, a asibiti, bayan gajeriyar jinya. Matarsa ta aiko mini da safe. Na ajiye tanka na shiga wajen maigida, karo na farko tun ranar da aka cire ni. Na ce na zo aron mota, Baba Yohanna ya rasu, kuma na yi masa alkawari ni zan kai shi gida.

Malam Bello ya ajiye alƙalami, ya yi wa iyalin Baba addu'ar haƙuri. Ya kalli jif ta taga. Sannan ya ce, "Abin da ka ƙi faɗa mini ke nan?"

Na ce shi ne. Na ce Baba yana da rai a lokacin, kuma yana bakin taga.

Ya ce da na same shi a gida na gaya masa a keɓe. Gaskiya ya faɗa, ban taɓa tunanin haka ba, zuciya ta rufe mini ido. Amma sai na tambaye shi, "Da na faɗa, da ka yarda?"

Ya ce, "A'a. Mota ta aikin kullum ce, ba ta rana ɗaya ba. Da ban yarda ba."

Na ce, "Shi ya sa, ranka ya daɗe."

Ya aika Garba ya kawo makulli, ya miƙo mini da hannunsa, ya ce idan na dawo in mayar wa Garba. Ranar a keken masinja maigida ya koma gida cin abinci.

Muka naɗe benci, akwati ya shiga ba tare da an karkata shi ba, ƙofar baya ta rufu. Na karyo ganyen mangwaron da muke cin doya a ƙarƙashinsa na ɗaura a kan winci, aikinsa na biyu ke nan. Hanya a bushe take, ko tayar kwalta za ta wuce. Matarsa da 'yan'uwansa suna gefen akwati suna waƙoƙin coci a hankali, ni ina gaba ina tuƙi kamar na ɗauko ƙwai. Inda hanyar mota ta ƙare, mutanen ƙauye suna jira, suka ɗauke shi a kafaɗa suka hau tudu da shi. Na tsaya daga gefe har aka gama, aka ba ni ruwa na yi alwala na yi sallar azahar. Wannan ita ce rana ɗaya tak da na tuƙa motar bayan na kawo ta daga Kaduna. Da la'asar na mayar wa Garba makulli na koma tankata, a kanta kuma na yi ritaya.

Abin da aikin nan ya koya mini shi ne, direba bai kamata ya ce to alhali zuciyarsa ta ce a'a ba. Na tuba da wannan, na tuba da taya da winci, na kuma nemi gafarar Malam Bello tun yana Minna, ya yafe. Amma benci da ƙofar baya ban nemi gafara a kansu ba, shi ma bai ce in nema ba. Idan aka tura ku zaɓen mota, za a gaya muku wanda zai zauna a gaba. Wanda zai kwanta a baya ba mai faɗa muku, ku za ku tuna da shi.