Baba Waya, Wanda Ya Bar Wa Mijina Lattinsa

Kullum da safe, kafin ya sa komai a baki, Baba Waya sai ya warware wayoyinsa, ya hure bakin kowace, ya rataye ta a ƙusarta. Ɗakin aikinsa ɗan ƙarami ne, a bayan shagon mai gyaran fanka, ya manne bangon da tsofaffin katifu don kada hayaniyar titi ta shigo. Makaɗa na kawo fiyano da injin ganga, shi kuma ya jona su da kwamfuta ya kwashe kiɗan tsaf. In ya ji ƙugi ko kamar na sauro, ba mai motsi sai ya kamo wayar da ke yi. Mai fanka shaida ne, har firij ɗinsa an taɓa sa shi ya kashe ana tsakiyar zafi. Yanzu ciwon baya ya tsananta, ƙarshen watan nan zai rufe ɗakin, shi ya sa na ce ba zan yi shiru ba.

Mijina makaɗi ne, kuma abokin faɗansa. Da yatsa yake buga injin gangarsa, kuma kullum bugunsa sai ya ɗan makara. Baba Waya ya daidaita a kwamfuta, shi kuma ya yi tsalle: "Wa ya aike ka, sarkin shisshigi?" Baba Waya ya ce, "Kai ko a kiɗa sai an jira ka!"

Da Allah ya karɓi ran mijina, na naɗe injin a zane na tura ƙarƙashin gado, a ganina adana ke nan. Ana nan sai ga Baba Waya.

"Yaya, ina injin mutumina?"

"Yana hutawa. Mai shi ma ya kwanta."

"Subhanallahi! Wani ɗan batir ne kamar maɓallin riga ke riƙe da duk kiɗan da ke ciki, kuma ya tsufa. In ya mutu, ko an cire shi, shi ke nan, an share."

Ashe kiɗan da mijina bai kai ga fitarwa ba duk suna ciki, babu su a ko'ina.

Ya rungumi injin kamar jariri zuwa ɗakin aikinsa, ina biye. Da ya kunna, ya ga alamar batir ya kusa ƙarewa, sai ya sallami masu jira, ya ce yau ɗakin na abokinsa ne. Babbar ganga ya ɗauke ta daban, ƙarama daban, har ya kwashe duka. Sannan ya nuna mini fuskar kwamfutar: ga layuka a jere, ga bugun mijina kowanne ya zauna bayan layinsa. Hannunsa ya nufi wurin gyara don sabo, sai ya janye.

Ya ce, "Shekara da shekaru ina gyara masa yana zagina. Yau na bar masa."

Ya saki kiɗan. Wallahi shi ne! Na ce, "Ranar aurenmu ma haka ya makara." Muka yi ta dariya har hawaye, kowa ya juya yana share nasa. Ba a daɗe ba batir ɗin ya mutu, injin ya tashi wayam.

Baba Waya, kai ne kunnen da ba ya gajiya. Sunanka bai taɓa fitowa a kan waƙa ba, amma kai ka sa jikokina ke rawa da hannun kakansu. Allah ya saka, ya ba bayanka lafiya. Ku masu tasowa, ku koyi gyara a wurinsa, ku kuma koyi sanin inda ake janye hannu.