Tulun Yaya Saratu da Ba a Sa wa Sabulu

Kirsimetin bana shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Saratu, kuma har makon jiya tulunta na ƙarƙashin matakalar gidana a unguwar Woolwich ta Landan, bakinsa ɗaure da tsohon ɗankwalinta.

A ƙauyenmu na kudancin Bauci ba a Kirsimeti sai da burkutu, hannun Yaya kuwa ya yi suna. Shekararta ta farko a Landan ta sayo dawa a Deptford, ta jiƙa har ta yi tsiro, ta dafa, ta bari ya kwana uku a tukunyar alminiyam. Tsami ya cinye tukunyar. Cikinta ya yi baƙi da 'yan ramuka, abin sha ya fito da ɗanɗanon tsohon kwabo. Ta koma ta baƙin ƙarfe, tsatsa ta rine shi. Mijinta ya kurɓa ya ce, "Saratu, burkutu ne wannan ko ruwan maƙera?" Yini guda ba ta kula shi ba.

Da ta je gida sai ta dawo da tulun ƙasa na Mamanmu, naɗe cikin zannuwa kamar jariri. Dokarsa ɗaya, ba a sa masa sabulu, domin ƙanzon da ya bushe a gindinsa shi ke tayar da sabuwar dahuwa. Yaya takan kara kunne a bakinsa ta ce, "Ji can, ya farka."

Tun da ta rasu ban taɓa gwada shi ba. In faɗi gaskiya, tsoro nake kada in zuba ya yi shiru.

To, ga 'yarta Rifkatu, haihuwar nan, za ta yi aure, ta ce sai burkutun uwarta. Ta sayi wani bokitin ƙarfe mai ƙyalli da famfo a gindi, wai ba ya tsatsa. Da Yaya na nan, na san za ta ƙwanƙwasa shi da yatsa ta yaba, sannan ta tambayi wa ya taɓa shan abin kirki daga cikinsa. Rifkatu ta leƙa tulun ta yamutsa fuska.

"Anti, wannan ai dirty ne. Bari in sa masa bleach."

"Ke, sauke hannunki! Kakarki ce a ciki, da uwarki."

Ta janye hannunta. Ni kuwa kunya ta kama ni, don ba wanda ya taɓa gaya mata. Na ɗauko cokali, na kankaro ƙanzon, muka zuba a dahuwarta.

Yaya ba ta bar gadon gida ba, ba ta bar gwal ba, zannuwanta ma an rabar a coci, tulun nan kaɗai ya rage. Bayan mun zuba ƙanzon, kwana biyu ban iya cin abinci ba. Ran na uku da hantsi waya ta yi ƙara. Rifkatu ko gaisuwa babu, ta ce, "Anti, listen," ta kara wayar a bakin bokitin.

Na ji shi, sis-sis-sis, a hankali. Na zauna a kan matakala na ce mata kada ta kashe tukuna.