Kawu Mamman da Mutanen Tsibiri

Bana shekara goma sha huɗu ke nan da muka kai Kawu Mamman makwancinsa a nan Madina. Wan mahaifiyata ne, tela a unguwar Anbariyya, wanda ya baro Damagaram yana saurayi da Faransancin makarantar firamare a bakinsa. Shekaru kusan arba'in bai sami wanda zai yi Faransancin da shi ba, sai ɗaiɗaikun alhazai.

A farkon shekarun dubu biyu aka kafa mana dish a gidanmu na unguwar Al-Sih. Wata rana bayan la'asar Kawu ya faɗa kan wata tashar Faransa. Shiri ne da ake kwasar mutane a zube su a tsibiri, ba gida ba abinci sai 'yar shinkafa, suna gasa, kowane mako su taru su kori ɗaya. Daga baya na ji cewa a can ƙasarsu ma an yi ta cacar baki a kansa, wasu na cewa wulaƙanta ɗan Adam ne, amma jama'a suka ƙi daina kallo.

Kawu ya yi dariya har da hawaye. Mutumin da ya ratsa Cadi da Sudan, rabi a ƙafa, ga shi yana kallon ƙato na kuka don ya kwana biyu bai ci nama ba. Ya fara fassara mana. Ya raɗa wa kowane ɗan gasa suna: akwai Sarkin Ƙorafi, akwai Ta-fi-maza, wata siririya da ta iya kunna wuta. Mu da aka haifa a nan, ana yi mana Hausa muna amsawa da Larabci, amma Kawu ya kafa doka: mai tambaya ya yi da Hausa, in ba haka ba ya yi shiru. Son jin wa za a kora ya sa harshenmu ya warware.

Sai wani maƙwabcinmu, Malam Sani, ɗalibin jami'ar Musulunci daga Kano, ya tare shi a ƙofar masallaci. "Baba, ku gafarce ni. Mutanen nan ba su da sutura, ga iyali na kallo, kuma a garin Manzon Allah?"

Kawu bai yi musu ba. Ya ce, "Gaskiyarka, malam." Mako biyu talabijin tana a kashe, mu kuma muka koma Larabcinmu. Ran Juma'a ta uku ya dawo daga shago da ƙyallen da ya ɗinka daidai fuskar talabijin, ya lulluɓe ta, ya ƙara murya. Daga sauti kawai yake ba mu labari, abin da bai gani ba ya cike da na tafiyarsa: rijiyar da suka tarar a ƙafe, matar da ta ba su fura ba ta san su ba. Ba wanda ya nemi a ɗaga ƙyallen. Malam Sani da kansa ya zo ya zauna, har ya tambaya ko an kori Ta-fi-maza.

Yau kowane yaro da wayarsa, fassara na fitowa a ƙasan hoto, ba mai jiran kowa. Nakan tambayi kaina me Kawu zai ce. Ina jin ba zai yi faɗa ba, don yakan ce zamani riga ne. Sai dai zai tambaya: wa ke zama kusa da wa?

An ce shirin na nan har yanzu. Ban sake nemansa ba. Kawu bai bar gida na kansa ba, bai bar ɗa ba. Amma mu tara ne muka zauna a gabansa, kuma ranar da aka yi masa salla, mu taran da Hausa muka karɓi gaisuwa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa maƙwabtakar Manzon Allah da ya samu a ƙasar nan ta bi shi har can.