Makullan Malam Yusha'u

Malam Yusha'u shagon buga takardu gare shi a Tudun Wada, amma hankalinsa yana ga rubuta manhajar kwamfuta, wadda ya koya wa kansa. Wata rana kwamfutarsa ta sandare tana tsakiyar ajiye kundin digirin wata mata 'yar unguwar Kwangila, Nneamaka. Aikin wata shida ya salwanta. Ba ta zage shi ba. Jakarta ta ɗauka, ta fita tana share hawaye.

Ya bi diddigi har ya gano matsalar a manhajar da ke tsara fayiloli, wadda kowa ke da damar gyarawa. Kowane fayil yana da makullai don kada ayyuka biyu su taɓa shi lokaci guda. To, makullan sun yi yawa: wannan aiki ya riƙe ɗaya yana jiran na wancan, wancan ma yana jiran nasa, shi ke nan komai ya tsaya. Ya ƙudura sai ya mai da makullai biyar sun koma biyu.

Shekara uku yana fama, duk lokacin da shago ya yi sauƙi. Sau bakwai yana aika gyaransa ga masu kula da manhajar a ƙasashen waje, suna dawo masa da shi. Ana cikin haka ciwon suga ya fara cin idanunsa. Ya ƙara girman rubutun, ya canza tabarau, duk a banza.

Sai matarsa Sakinatu ta riƙa zuwa shagon bayan azahar tana karanta masa rubutun manhajar harafi-harafi, ba tare da ta san ma'anarsa ba.

"Malam, ka haƙura haka nan," in ji ta. "Likita ya hana ka kallon hasken nan."

"Saura kaɗan. Karanta mini layin ƙasa."

Bai ƙarasa ba. Ganin ya tafi gaba ɗaya da damina, aka rufe shagon.

Bayan wata takwas saƙo ya shigo wayar Sakinatu. Wani baƙo ya ɗauki aikin, ya kammala, an karɓa. A ƙasa an gode wa Yusha'u, amma an rubuta sunan ba daidai ba.

Da ta karanta masa yana kan tabarma, sai ya tambaya, "Makulli nawa suka bari?"

Ta duba. "Uku."

"Biyu sun isa," ya ce a hankali, ya juya fuskarsa bango.