Dakwarar Ba Umara

Duk Yerwa an san Ba Umara mai ƙaro, an kuma san taurin kansa. Bishiyoyin dakwara da mahaifinsa ya bar masa a hanyar Zabarmari su ne cinsa, su ne shansa. Da rani yakan zaga ya tsinci ɗan ƙaron da suka fitar da kansu, ya kai wa kamfanin da ke saye a cikin gari. Ko akuya ce ta miƙa wuya wajen ganyensu sai ta sha jifa.

Bayan samun mulkin kai, kamfanin ya haɗa hannu da jami'ar Zariya don ƙaro ya yawaita. Aka turo wani malamin gona, Manasse, mutumin Biu, da ɗan ƙarfensa mai lanƙwasa. Ya ce in ganye ya fara zuba, a ɗan ɓare ɓawon reshe, ƙaro zai ninka.

"Ka yanka mini bishiya, ka ce gyara ne?" in ji Ba Umara.

"Baba, ba za ta mutu ba. A gwada a gani."

Da ƙyar ya yarda, don iyali sun yi yawa, tsintuwa ba ta isa. Amma da ya ga rassa a ɓare, ganye kuma ya kakkaɓe kaf, sai hankalinsa ya tashi. Shi ke nan, ya kashe gadon ubansa! Abinci ya ƙi shiga. Bawan Allah ya kwaɓa laka da kashin shanu, ya bi raunukan yana shafewa kamar mai jinya, har bayansa ya riƙe, ya bar sauran ala dole.

Ya yi makonni a kwance. Da ya miƙe, Manasse ya kai shi gonar a motar kamfani. Rassan da hannun Ba Umara bai kai gare su ba sun fitar da ƙaro dunƙul-dunƙul, yana ƙyalli. Waɗanda ya yi wa jinya kuwa, sai busasshiyar laka.

Manasse ya yi dariya har da hawaye. "Baba, ai ka yi mana rabin binciken! Ga waɗanda aka shafe, ga waɗanda aka bari, bambanci ya fito fili!"

Ba Umara ko kallon ƙaron bai yi ba. Ya kankare wani reshe da farce, ya ga cikinsa kore shar. Ya sauke ajiyar zuciya, ya zauna daɓas a ƙasa.

"Alhamdu lillahi. Suna da rai."

Har tsufansa shi ke koya wa mutane ɓarar dakwara, amma kafin ya ɗora ƙarfe, sai ya dafa bishiyar ya ce ta yi haƙuri.