Ciwon Cikin Inno Ba Ya Zuwa Ranar Asabar

Assalamu alaikum. Masu cewa na yi kuɗi na daina gaisuwa, ga ni na dawo. Jinya ce ta ɓoye ni.

'Yata Inno, mai sunan surukata, tana aji uku na firamare ciwon ya fara. Kullum da safe ciwon ciki, sai amai. Ta rame har sai da na rage ƙugun siket ɗinta na makaranta.

Muka fara da kemis ɗin unguwarmu a Runjin Sambo, muka ƙare a asibiti. A bi layin kati, a ɗebi jini, a ce mu dawo jibi. Maleriya babu, taifod babu, hoton ciki lafiya lau. A nan keken ɗinkina ɗaya ya tafi.

Yarinyar da surutunta ke hana ni jin rediyo ta yi tsit. In na tambaye ta ina ke ciwo, sai ta kalli ƙasa. Na ji tsoro ƙwarai, har na fara tunanin abin da uwa ba ta faɗa da baki.

Babanta ya gaji, ya ce, "In makarantag ga za ta kashe min ɗiya, ta zamna gida. Boko ba gadonmu na ba."

Maganar tana da tushe. A gidansu ana alfahari da Malam Buba, mahaifin surukata. Kowa ya san labarin: farkon zuwan Turawa aka kai shi makarantarsu yana yaro, ya ƙi karatun Nasara, ya dawo gida. Ni kuwa ba na son a cire Inno. Na roƙi arziki a bar ni zuwa ƙarshen zango.

Wata likitar yara ce ta tambaye ni, "Ran Asabar tana amai?"

Na tuna baya. Ba ta yi. Da hutu ma ba ta yi.

Ta tura mu wurin abokiyar aikinta mai gwada karatun yara. Har dariya na yi, don Inno daga bango zuwa bango take karanta min littafinta. Muka tafi da babanta, surukata ma ta ce ƙafarta ƙafar takwararta.

Aka ba Inno littafinta na makaranta, ta zuba kamar ruwa. Sai aka miƙa mata wata takarda da ba ta taɓa jin an karanta ba. Ta ɗora yatsa a kalmar farko. Gumi ya keto mata, ta riƙe ciki.

Ashe 'yata ba ta taɓa karanta komai ba. A aji ɗaya da biyu malami ke faɗa, aji duka ya amsa, haka ma a makarantar allo. Da kunne ta kwashe komai. A aji uku aka fara kiransu ɗaya-ɗaya gaban allo, tana tsaye yara na dariya.

Matar ta ce, "Sunansa disleksiya. Ba daƙiƙanci ba ne, ba iska ba ce. Haɗa harafi da sautinsa ke mata wuya. Yakan bi jini. Akwai mai irinsa a dangi?"

Babanta ya ce babu.

Surukata ta gyara lulluɓi, ta ce, "Akwai. Babana na. Ba ƙi yay yi ba, koro shi anka yi, sunka ce kainai bai ɗauka. Allon ma da kunne yah hardace. Har yat tsuhwa, in baƙi sun zaka shi buɗe Alƙur'ani, ni ka zama bayanai ina taɓa shi in lokacin juya warƙa ya yi. Ya mutu shina tsoron a gane."

Muka hau Keke Napep muka koma gida. Na tausaya wa mijina, na tausaya wa tsohon da ban taɓa gani ba.

Ran Litinin babanta da kansa ya kai ta makaranta. Ya roƙi malamin ya daina tsayar da ita gaban aji.

Amai ya tsaya, nama ya fara dawowa. Karatun kuwa ba a warkewa kamar zazzaɓi. Kullum bayan la'asar muna zama kaɗan, ta zana harafi da yatsa a rairayi tana faɗin sautinsa. Wata rana abin da ta iya jiya yau ya gudu, ta yi kuka, ni ma in shiga ɗaki in yi nawa. Har yanzu tana bayan 'yan ajinsu.

Na gode wa Allah, na gode wa likitocin nan biyu, da tsohuwar da ta zaɓi jikarta a kan sunan ubanta.

Iyaye, ku keɓe yaronku shi kaɗai, ku ba shi abin da bai taɓa ji ba ya karanta. In ciwo na bin ranakun makaranta, ku faɗa wa likita. Bulala ba ta koyar da harafi. Ku tambayi tsofaffin gida, sun san abin da ba su faɗa ba.

Jiya Inno ta tsayar da ni a bakin murhu za ta karanta min layi ɗaya da babu wanda ya karanta mata. Ta daɗe a kansa har na ji ƙaurin tuwo. Na bar shi ya ƙone.