Littafin da Aka Tokare Randa da Shi

Shekara ashirin da bakwai Malam Yusha'u ya yi yana koyar da adabin Hausa a wata sakandare a Tsafe, kuma duk a kan littafi ɗaya. Tsohon labari ne na wani mai fito, Ɗantsoho, wanda aka gina gada a kan kogin garinsu ya ƙi yarda da ita. Ya zauna cikin kwalekwalensa yana jiran masu ƙetarewa har 'ya'yansa suka watse, kwalekwalen ya ruɓe a bakin ruwa.

Malam yana da wani littafin rubutu da ya naɗe da takardar buhun siminti, a ciki ya rubuta sharhinsa tun yana saurayi. Daga nan yake yi wa ɗalibai shifta, bai taɓa canja ko waƙafi ba. Har wurin da yake tsayawa ya ja tsaki ya ce, "Kun ga aikin tsoro ko?" duk shekara wuri ɗaya ne. Direbobin tashar Gusau da masu rake a bakin titi da yawa sun bi ta hannunsa. In ka ce musu "Ɗantsoho", sai su ja maka tsakin Malam.

Matarsa Zulai ba ta taɓa buɗe littafin ba, amma ta haddace shi, don ko a kan tuwo ba ta tsira daga mai fito ba.

Bara ne hukumar jarrabawa ta cire tsohon littafin ta sa sabo. Malam Bala, wani matashin malami ɗan Bungudu, ya sayo shi a Gusau ya kawo da hannu biyu. Malam Yusha'u ya karɓa, ya sa masa albarka, ya ci gaba da shiftarsa. A ajin kuwa akwai autarsu Juwairiyya, wadda ke son shiga kwalejin horon malamai ta karanci Hausa. In ba ta ci wannan takarda da kyau ba, babu gurbi.

Saura sati bakwai jarrabawa Zulai ta ɗaga randa za ta wanke, sai ga sabon littafin a ƙarƙashi, an tokare gindinta da shi, ko ledarsa ba a ɓare ba. Ta sami Malam a ƙofar ɗaki yana sauraron rediyo.

"Malam, randa ce za ta zauna jarrabawar bana?"

"Mayar da shi inda kika gan shi. Za su dawo da tsohon."

"Wa ya faɗa maka?"

"Na san su."

"Juwairiyya ta ce tun farkon zango take tambayarka, kana ce mata sai wani sati. Wane satin? Na bayan jarrabawa?"

Ya murɗa rediyon ya kashe. Can ya ce a hankali, "In yaro ya ɗaga hannu ya tambaye ni abin da ba ya cikin rubutuna, in ce masa mi?"

"Ka ce ba ka sani ba! Ni kullum ina faɗa, ga ni nan da raina." Ta buga littafin a cinyarta, ƙura ta tashi. "Shekara ashirin da bakwai kana zagin bawan Allah mai kwalekwale. Shi dai nasa 'ya'yan kawai ya cuta. Kai ka haɗa har da na mutane arba'in."

Malam ya ɗauki buta ya nufi masallaci, alhali ko kiran salla ba a yi ba.

Zulai ba ta sake yi masa maganar ba. Washegari bayan la'asar ta shimfiɗa tabarma daidai ƙofar ɗakinsa, ta ɗauko faifan wake tana tsincewa, ta ce wa Juwairiyya, "Karanta min, ki ɗaga murya, kunnena ya yi nauyi." Sabon littafin labarin wata mai ɗinki ne da ta bar ƙauye ta koma birni. Malam ya ƙure ƙarar rediyo. Rana ta uku ya rage. Rana ta biyar aka ji muryarsa daga bayan labule:

"Wanga marubuci bai san inda ake rufe babi ba!"

"To fito ka nuna masa," in ji Zulai, ba ta ko ɗaga kai ba.

Ya fito da fuska a murtuke, ya sa aka maimaita masa shafin, sannan ya ce a ba shi biro. Tsohon littafin sharhinsa babu sauran fili, sai na 'yarsa ya ara. Da safe ya shiga aji da shi. Juwairiyya ta dawo tana ba uwarta labari cewa an yi wa Baba tambaya, ya share gumi ya ce bai sani ba, kuma babu wanda ya yi dariya.

Sai dai sati bakwai ba shekara ba ne. Rabin littafin da ɗan ɗoriya suka yi. Da sakamako ya fito, cikin arba'in da biyu sha tara ne suka haye. Juwairiyya ta samu abin da ake nema da ƙyar, tana Gusau yanzu. Hafiza 'yar maƙwabtansu ta faɗi, kuma tun daga ranar uwarta ba ta ƙara leƙowa gidan Zulai ko ɗibar wuta ba.

Rannan Zulai ta shiga share ɗakin Malam, ta ga sabon sharhin a kan tebur. Ya riga ya naɗe shi da takardar buhun siminti, ya ɗaure da zare. Ta daɗe tana kallonsa da tsintsiya a hannu. Da yamma ta aika wa Malam Bala cewa duk ranar da aka sake canja littafi, ita zai fara kawo wa.